Shin Ko Kun San? Ɗakin Karatun Kankare na Birnin Birmingham

Shin ko kun san cewa birnin Birmingham na ƙasar Ingila ya taɓa mallakar wani katafaren ɗakin karatu na kankare, wanda aka shafe shekaru ana taƙaddama a kan kyansa ko muninsa? Ga kaɗan daga labarinsa:

• Ɗan garin ne ya zana shi, wato John Madin. Harold Wilson ne ya buɗe shi a watan Janairun 1974, 'yan makonni kafin ya sake zama Firaministan Birtaniya.

• Siffarsa kamar dala ce da aka kifa. Kowane hawa ya fi na ƙasansa faɗi, sai ginin ya riƙa buɗewa yana yin sama, kowane bene yana yi wa na ƙasa inuwa.

• Da gangan aka ƙaranta tagoginsa na waje, domin manyan tituna ne suka kewaye shi. Katangar kankare ta tare hayaniyar motoci da hasken rana mai lalata takarda. Manyan tagogin kuwa ciki suka fuskanta, inda aka bar fili a tsakiya haske yana sauka.

• Madin ya so a lulluɓe bangon da dutse mai daraja, amma hukumar birnin ta ga kuɗin ya yi yawa, aka sa fale-falen kankare. Ruwan sama da hayaƙi suka daƙuna su, ginin ya yi duhu, masu kushe suka sami abin faɗa.

• Yarima Charles, Sarkin Ingila na yanzu, ya taɓa cewa ginin ya fi kama da wurin ƙona littattafai fiye da wurin adana su.

• Sau 2 hukumar English Heritage tana ba da shawarar a sa shi cikin gine-ginen tarihi da doka ta bai wa kariya, sau 2 gwamnati tana ƙi.

• An rufe shi a 2013, ko shekara 40 bai cika ba yana aiki. A watan Satumban shekarar ne Malala Yousafzai ta buɗe sabon ɗakin karatun da ya gaje shi.

• An fara rusa shi a ƙarshen 2015, aka gama a 2016. Madin bai ga hakan ba, domin ya rasu a 2012.

• Abin lura shi ne, ɗakin karatun da ya gabace shi, na zamanin Sarauniya Victoria, shi ma rusa shi aka yi a 1974, kuma har yau akwai masu takaicin rashinsa.

Gini yakan tsufa a idon mutane tun kafin su gane darajarsa. Ya kamata kowace hukuma ta nemi hanyar gyara tukuna, kafin ta kira katafila.