Yadda Ake Mai Da Hoton Ɗigo Zanen Layi

Iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai, sau da yawa mukan ga allon sanarwa a Birnin Kebbi wanda tambarinsa ya yi dishi-dishi, gefensa kamar haƙoran zarto. Ina so in bayyana dalilin haka da maganinsa, kamar yadda muka koya a ɗakin kwamfuta na makarantarmu.

Hoton da waya take ɗauka tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksil, kowane da launinsa, kamar idon saƙar tabarma. Yawansu ba ya ƙaruwa. Idan faɗin hoto ɗigo 300 ne, aka buga shi a ƙyalle mai faɗin mita 3, kowane ɗigo zai kai santimita ɗaya. Dole muninsa ya fito.

Zanen layi kuwa umarni yake ajiyewa. Ku tuna mai ginin rumbu a garinmu Zauro. Yakan kafa turke, ya ɗaura igiya, ya zagaya yana shata ƙasa. Ko igiyar gajera ce ko doguwa, da'irar za ta fito sumul. Haka kwamfuta take sake lissafa layin duk girman da aka nema. Wani injiniya na kamfanin motoci na Renault a Faransa, Pierre Bézier, shi ya yaɗa lissafin lanƙwasa layi a shekarun 1960.

To, yaya ake juya na farko ya koma na biyu? Da fari akan share dattin da ke bayan hoton, a rage launukansa zuwa biyu ko uku. Sai kwamfuta ta bi iyakar da launi ya haɗu da launi, ta shimfiɗa layi a kai, kamar yadda muke kwafar taswira da farar takarda mai shara-shara. Daga nan mutum ya gyara inda ta karkace. Masu ɗab'i sun fi sabawa da CorelDRAW, wadda ta fito a 1989. Akwai kuma Inkscape ta 2003, wadda kyauta ce.

Amma fa ba kowane hoto ne yake karɓar wannan aiki ba. Hoton masunta a Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu yana da dubban launuka, in an juya shi fuskoki sai su zama faci-faci. Zanen giwan ruwa da za a buga a riga kuwa, ko bajen makaranta, nan ne aikin yake kyau.

Shawarata ita ce kowace makaranta ta sa a juya bajenta sau ɗaya a adana, don kada kuɗin da iyayenmu suka tara ya tafi a bugun da ba ya karantuwa. Mu kuma ɗalibai mu dage mu koya, domin sana'a ce da za ta iya ciyar da mutum. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.