Sabuwar kwamfutar Raspberry Pi da tsofaffin manhajoji: abin da ya kamata a tambaya a Haɗeja kafin a saya

Raspberry Pi ƙaramar kwamfuta ce mai girman katin ATM, wadda aka harhaɗa dukkan sassanta a kan allo guda. Ana amfani da ita wajen sarrafa kayan gida ba tare da sa hannun mutum ba: kunna fitilu, kashe injin ruwa idan tanki ya cika, ko aika saƙo zuwa waya. A Haɗeja amfaninta zai iya zarce na jin daɗi, domin tana iya auna tashin ruwan kogi ta yi gargaɗi. Yankin ya sha ambaliya a 2020 da 2022, kuma ruwan madatsun Tiga da Challawa na jihar Kano ta nan yake bi.

Sai dai sabon samfuri ba lallai ne ya karɓi aikin da tsohon ke yi ba. A watan Oktoban 2023 aka fara sayar da Raspberry Pi 5. Kamfanin ya saka mata wani sabon sashe mai suna RP1, wanda ke kula da ƙafofin da ake jona na'urorin awo da makunnai. Wannan sauyi ya sa RPi.GPIO, manhajar da ɗalibai suka daɗe suna dogaro da ita wajen ba wa waɗannan ƙafofi umarni, ba ta aiki a sabon allon. Duk wanda ya gina aikinsa a kanta sai ya koma ga wata, kamar gpiozero ko lgpio. Ita ma Home Assistant, fitacciyar manhajar sarrafa kayan gida, sai a farkon 2024 tsarinta ya karɓi sabon allon a hukumance.

Akwai kuma batun wuta da zafi. Raspberry Pi 4 ta 2019 tana wadatuwa da caja mai amfiya 3, amma ta biyar tana buƙatar mai amfiya 5 kafin ta ba wa abubuwan da aka jona mata cikakken ƙarfi. Tana kuma rage gudu idan ta yi zafi sosai, shi ya sa ake haɗa ta da fanka. A garin da wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, kuma zafin bazara ke haura digiri 40, wannan na nufin ƙarin kuɗin batir da sola. Duk da haka tana da wata fa'ida: agogonta na ciki, idan an sa masa batir, ba ya ɓata lokaci bayan an ɗauke wuta.

Lamarin ya shafi ɗaliban Kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗeja da na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ya kuma shafi dukiyar al'umma. Idan wata hukuma ta ba da kwangilar na'urorin gargaɗin ambaliya ko na ban ruwa, jama'a na da haƙƙin tambaya: wane samfuri aka saya, an gwada manhajar a kansa, wa zai riƙa sabunta ta, kuma awa nawa za ta yi ba wuta? Na'urar da ba a gwada ba tun da rani, ba a kanta za a dogara ba a watan Agusta da Satumba, lokacin da kogin ke cika.