Ana Cigiyar Muryar Nijeriya A Gasar Wayar Iska Ta Duniya

A kowace shekara, a Asabar da Lahadin ƙarshe na watan Oktoba, dubban mutane a ƙasashen duniya sukan ƙaurace wa barci, su zauna gaban akwatunan rediyo suna kiran juna har awa 48. Ana fara wannan gasa da ƙarfe ɗaya na daren Juma'a wayewar Asabar agogon Nijeriya, a tashi da ƙarfe ɗaya na daren Lahadi. Sunanta CQ World Wide, wata mujallar Amurka mai suna CQ ce ta ƙirƙiro ta a 1948. Ta Oktoba da baki ake yinta, sa'an nan a ƙarshen Nuwamba a sake wata da bugun tangarahu.

Masu yin wannan abu ba ma'aikatan gidan rediyo ba ne. Mutane ne masu sha'awar wayar iska, waɗanda gwamnatocinsu suka ba lasin su kafa ƙaramar tasha a gida, bisa sharaɗin ba ciniki, ba kiɗa, ba maganar asiri. A cikinsu akwai ɗalibai da manoma da likitoci, har da masu mulki, gama marigayi Sarki Husaini na Jodan ya shahara da lambar kira JY1, haka kuma marigayi Rajiv Gandhi na Indiya da VU2RG. Ƙungiyarsu ta duniya an kafa ta a birnin Paris a 1925, Nijeriya kuma tana da tata ƙungiyar mai suna Nigeria Amateur Radio Society.

Kowace ƙasa tana da haruffan da ake gane ta da su. Na Nijeriya 5N, na Nijar 5U, na Gana 9G, na Kamaru TJ. To, a ranakun gasa mai sauraro zai ji lambobin Jamus da Italiya da Japan sun cika iska kamar kasuwa ta ci, amma sai ya daɗe yana murɗa akwati kafin ya ji 5N, wani lokaci ma har a tashi bai ji ba.

Yadda Ake Ƙidayar Maki

Ka'idar gasar ba ta da wuya. An raba duniya shiyya 40, Nijeriya da Nijar da Gana suna cikin shiyya ta 35. Idan tasha biyu suka gamu, kowa zai faɗi lambar kiransa, da ƙarfin da yake jin ɗan'uwansa, da lambar shiyyarsa. Mutumin Nijeriya zai ce "59, 35", shi ke nan, cikin daƙiƙa kaɗan an gama, sai na gaba.

Wanda ya yi magana da wata nahiya ya sami maki 3. Wanda ya yi da wata ƙasa a nahiyarsa ya sami maki 1, in dai ba a Amurka ta Arewa ba, inda ake ba da 2. A ƙarshe sai a tara makin, a ninka shi da yawan ƙasashe da shiyyoyin da mutum ya samu a kan kowane zango. Zangunan gasa shida ne: mita 160, da 80, da 40, da 20, da 15, da 10. Misali, wanda ya yi magana da tashoshi 500 na wasu nahiyoyi yana da maki 1,500, in kuwa ƙasashe da shiyyoyinsa sun kai 150, sai makinsa ya tashi 225,000.

A nan ne Afirka ta ci ribar wurin zamanta. Bajamushe in ya kira Bafaranshe maki 1 ne, amma mutumin Afirka duk Baturen da ya amsa masa maki 3 ne, ga shi kuwa Turai ce matattarar tashoshi. Saboda haka ne gwanayen gasa sukan yi takakka zuwa Maroko da tsibiran Kanari da Kef Bade, inda akwai wata babbar tasha mai lamba D4C a kan dutse. Abin da waɗannan baƙi suke biyan kuɗin jirgi su nema, ɗan Nijeriya yana da shi a tsakar gidansa. Bugu da ƙari, da yake 5N tana wuyar samu, duk wanda ya kira da ita sai tashoshi su yi masa caa, kowa yana son ya ƙara Nijeriya a lissafinsa.

Abin Da Sabon Akwati Yake Yi

Akwatin da ake amfani da shi ya haɗa ji da magana a jiki guda, watau ɗan'uwan abin da jama'a suka sani da oba-oba ne, sai dai shi muryarsa tana tsallake teku. A shekarun 1970 akwatunan da suka yi tashe su ne irin Yaesu FT-101 da Kenwood TS-520, masu nauyi da zafi, waɗanda duk lokacin da aka sauya zango sai an tsaya an daidaita su da hannu.

A 2016 kamfanin Icom na Japan ya fitar da IC-7300, a 2022 kuma Yaesu ya fitar da FT-710. Irin waɗannan akwatuna suna juya abin da eriya ta kamo zuwa lissafin kwamfuta, sa'an nan su tace shi. Suna da allo wanda yake nuna wa mutum zangon gaba ɗaya, ya ga inda tashoshi suke cunkushe da inda akwai fili, tun kafin ya ji da kunne. Suna iya tsuke ƙofar sauraro har a raba murya mai rauni da ta maƙwabcinta mai ƙarfi. Suna kuma naɗar kiran mai su, su riƙa maimaitawa, don kada muryarsa ta dushe kafin gari ya waye. Ƙarfinsu wat 100 ne, suna aiki da wutar bolt 13.8, saboda haka babban batir da faifan hasken rana sun isa su riƙe su.

Amma fa sabon takobi ba ya mai da mutum barde. Tsofaffin hannu a wannan fage sun yi ittifaƙi a kan cewa babban kuskure shi ne mutum ya fasa kwalin akwati ran Alhamis ya shiga gasa ran Asabar. Maɓallan suna da yawa, kuma idan tashoshi ashirin suna kira lokaci guda, ba a tsayawa duba littafi. Wanda ya buɗe ƙarfin makirfo fiye da kima, muryarsa takan fantsama ta ɓata wa na kusa da shi. Wanda ya cika tace ƙara, sai ya tace har da muryar da yake nema. Ga kuma allon nan mai ɗaukar ido, wanda kan sa sabon shiga ya yi ta kallo maimakon kira.

Haka nan akwati ba ya gyara kuskuren rubutu. Bayan gasa kowa yana da ƙayyadadden wa'adi ya aika da lissafinsa ta intanet, alƙalai kuma su gwada na kowa da na kowa. Wanda ya rubuta lambar wani ba daidai ba, za a soke wannan magana, a kuma ci shi tarar ninki biyu na makinta. Ashe kunne da natsuwa su ne jari.

Darasi Ga Gari Kamar Doma

A ɗauki Doma a Jihar Nasarawa, garin Alago da ke ƙarƙashin sarautar Andoma, kusa da Lafiya. Ƙasar noma ce mai doya da shinkafa da riɗi, ga madatsar ruwa, ga fili. A idon ɗan gasa wannan fili dukiya ce, domin abin da ya fi damun mai rediyo a Kano ko Ikko shi ne ƙarar da janareto da cajar waya da fitilun zamani suke zubawa cikin iska. Akwati komai tsadarsa, in ƙara ta rufe zango, kurma ne. A bayan gari kuwa, inda wayoyin lantarki suka yi ƙaranci, murya mai rauni daga Japan ko Birazil takan fito sarai.

Eriya ma ba sai an yi odarta daga waje ba. Wayar tagulla mai tsawon kimanin mita 10, a raba ta biyu a tsakiya, a ɗaure ta sama tsakanin bishiya biyu ko dogayen gora, ta isa aiki a zangon mita 20. Ta zangon mita 15 ba ta kai mita 7 ba. Abin lura shi ne a ɗaga ta sama iyakar iyawa, a kuma cire ta daga jikin akwati da zarar hadari ya taso, don tsawa ba ta da sabo.

Sai sanin lokaci. Akwai wani rufi a can sararin sama wanda yake mayar da muryar rediyo ƙasa, hasken rana ne kuma yake sarrafa shi. Da rana zangunan mita 10 da 15 su ne suke buɗewa, da yamma mita 20 ta karɓa, cikin dare sai a koma 40 da 80. Ƙarfin rana kansa yana hawa da sauka a kowace shekara 11, ya kuwa kai ƙololuwa a wajen 2024. Manomin da ya san lokacin shuka da na girbi ba zai ga baƙon abu a wannan lissafi ba.

Kada kuma ƙaramin ƙarfi ya karya wa kowa gwiwa, gama gasar aji-aji ce. Akwai ajin wat 1,500, da na wat 100, da na wat 5 kacal. Akwai rukunin waɗanda lasinsu bai kai shekara 3 ba, da na matasa 'yan shekara 25 zuwa ƙasa. Kowa da sa'ansa ake gwada shi. Sharaɗi na fari dai shi ne lasin daga hukumomin sadarwa na Gwamnatin Tarayya, domin aika murya ta iska ba tare da izini ba laifi ne.

Mai karatu yana iya tambaya, mene ne amfanin wannan wahala tun da ga wayar hannu a aljihun kowa? Amsar tana ga ranar da turakun waya suka faɗi. Lokacin girgizar ƙasar Nepal a 2015, da guguwar da ta ragargaza tsibirin Puerto Rico a 2017, masu wannan sha'awa suna cikin waɗanda suka isar da saƙonnin agaji. Mutanen bakin kogin Binuwai ba su manta da ambaliyar 2012 da ta 2022 ba. Wanda ya saba ɗaukar lamba daidai cikin hayaniyar gasa, shi ne zai ɗauki sunan ƙauye da yawan masu neman ceto ba tare da kuskure ba.

Lafiya tana da Jami'ar Tarayya tun 2011, tana da kwalejin fasaha, Doma kuma tana da makarantun sakandare. Akwati ɗaya, da batir, da ƙullin waya, da malami guda mai lasin, sun isa a kafa kulob. Idan hukumomin makarantu da masu hannu da shuni suka waiwayi wannan fage, ba abin da zai hana a ji 5N daga ƙasar Andoma a wata Asabar ta ƙarshen Oktoba.