Haƙuri da Juriya: Kalmomin Ƙarfin Zuciya a Aikin Ma'aikatan Lafiya na Ƙasar Katagum

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nazarin kalmomin da Bahaushe ke amfani da su wajen bayyana ƙarfin zuciya, da yadda zaɓensu ke shafar fahimtar walwalar ma'aikatan lafiya da ingancin aikinsu. An ɗauki ƙasar Katagum a matsayin misali, musamman garin Azare, inda aka kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a 2021.

2.0 Rukunan Ƙarfin Zuciya

A 2007 Fred Luthans da abokan bincikensa a Amurka sun kasa jarin zuciyar ma'aikaci gida huɗu, wato sa rai ga cim ma buri, da yarda da iyawar kai, da farfaɗowa bayan tsanani, da kyautata zato ga gobe. A ganinsu, ana iya koyar da waɗannan halaye, kuma suna ƙara gamsuwa da ƙwazo a wurin aiki. Tun a 1974 kuwa Kirk-Greene ya lissafa haƙuri cikin siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe. Saboda haka mai fassara yakan yi saurin sanya “haƙuri” a gurbin rukuni na uku.

3.0 Matsalar Ma'ana

Idan aka duba da kyau, haƙuri fuska biyu gare shi. Akwai na daurewa har a kai ga gaci, kamar a karin maganar “mai haƙuri yakan dafa dutse”. Akwai kuma na dangana, wanda ake nufi idan aka ce wa wanda aka zalunta “yi haƙuri”. Juriya kuwa tana nuna ci gaba da aiki duk da nauyinsa, amma ba ta ƙunshi komowar kuzari ba.

Misali, a watan Mayu 2020 gwamnatin Jihar Bauchi ta hana zirga-zirga a ƙananan hukumomin Katagum da Giyade da Zaki saboda annobar korona. Da a ce an tambayi wata ma'aikaciyar jinya a lokacin ko tana haƙuri, da wuya ta ce a'a, domin musun haka zubar da mutunci ne. Ke nan amsar ba za ta bambance wadda ke da sauran karsashi da wadda ta gaji ta yi shiru ba. Alhali a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta siffanta gajiyar aiki mai tsanani da alamomi uku: ƙarewar kuzari, da fitar aikin daga rai, da raguwar ƙwazo. Duk ukun suna iya ɓuya a ƙarƙashin haƙurin dangana.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa takardar tambayoyi da aka fassara kalma da kalma tana iya nuna ma'aikaci lafiya lau alhali ya kusa durƙushewa. Shawararmu ita ce a keɓe “farfaɗowa” ga rukuni na uku, a kuma riƙa tambaya kan abin da mutum ya aikata maimakon halin da ake yabo. Wannan aiki ne da ya kamata masana harshe da na lafiya su haɗa hannu a kansa.