Fiyano da Kwamfuta a Matsayin Tushen Ilhamar Mawaƙin Hausa na Zamani

1.0 Gabatarwa

Waƙar baka ta Hausa ta daɗe tana tafiya tare da kayan kiɗa na gargajiya. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kalangu ya yi waƙa, Musa Ɗanƙwairo da kotso, Ɗanmaraya Jos kuma da kuntigi. Amma tun daga ƙarshen shekarun 1990, galibin waƙoƙin matasa a sitidiyo ake shirya su, ta amfani da fiyano da kwamfuta. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda waɗannan na'urori suka zama sabon tushen ilhama ga mawaƙi, da kuma abin da hakan ya haifar wa harshen da ake waƙar da shi.

2.0 Shigowar Na'ura

Finafinan bidiyo ne suka buɗe wa na'ura ƙofa. Bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, masu shirya fim suka riƙa buƙatar waƙoƙi, alhali ɗaukar makaɗa da 'yan amshi yana da tsada. Fiyano ƙirar Yamaha ya sauƙaƙa lamarin, domin yana ɗauke da amon kayan kiɗa iri-iri da mutum guda zai iya kaɗawa. Da irin wannan kiɗa ne waƙar fim ɗin Sangaya ta yi fice, salon kuma ya samu sunan nanaye.

Wasu dabaru biyu daga ƙetare sun ƙarfafa wannan sauyi. Ta farko ita ce MIDI, wadda ta fito a 1983. Ita ce ke isar wa kwamfuta bayanin amon da aka taɓa a fiyano, da tsawonsa da ƙarfinsa, ta yadda za a iya gyara kiɗa ba tare da an sake kaɗa shi ba. Ta biyu ita ce manhajar Auto-Tune ta 1997, wadda ke jan muryar mawaƙi zuwa ga amon kiɗa mafi kusa da ita.

3.0 Juyawar Tsarin Ƙirƙira

A gargajiyance magana ce ke gaba, kiɗa na biye. Makaɗi yakan samo ilhama daga nasabar ubangida ko sana'a ko wani abu da ya auku, ya ɗora amshi, sannan yaransa su nemo masa kiɗa. Kalangu ma magana yake yi, domin mai kaɗa shi na matse tsarkiyarsa a hamata yana kwaikwayon hawa da saukar murya, kamar yadda gangar dundun take yi wa Yarabanci.

A sitidiyo kuwa, sau da yawa kiɗan ne ke riga magana. Mai fiyano yakan haɗa ɗan gajeren kiɗa mai maimaita kansa, mawaƙi ya saurara, ya fara gunguni babu kalmomi, daga bisani ya nemo kalmomin da za su zauna a gurbin. Amfanin wannan a fili yake. Matashin da bai gaji kiɗa ba yana iya jarraba murya goma a yini guda, ya yi wa kansa amshi, ya share abin da bai yi masa ba. Haka kuma marubuta waƙa irin Aminu Ladan Abubakar Ala sun samu hanyar isar da baitocinsu ga jama'ar da ba ta karanta littafi.

4.0 Tasiri a Kan Harshe

Hausa tana bambanta ma'ana da karin sauti da tsawon wasali. Kalmar "fari" da karin sama-sama launi take nufi, da karin sama-ƙasa kuwa rashin ruwan sama. Tsawon wasalin farko ne kawai ya raba "gari" na zama da "gari" na tuwo. Idan an riga an yanke hawa da saukar kiɗa, kalmar da aka cusa daga baya tana iya rasa karinta, ko a ja gaɓa marar nauyi ta zama mai nauyi. Bugu da ƙari, idan aka tsananta Auto-Tune, karin faɗau irin na "kai", wato gaɓar jiki, yakan kakkarye.

Bahaushe yakan gane manufa daga muhallin magana. Amma ɗaliban da ke koyon Hausa a jami'o'in kudancin ƙasar nan, waɗanda da yawansu daga waya suke jin waƙoƙin, suna iya ɗaukar gurɓataccen furuci a matsayin daidai.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa na'ura ta faɗaɗa fagen ƙirƙira, amma ta mayar da kalma mai bin kiɗa. Gyaran yana hannun mawaƙi, tunda MIDI ta sa sauya amo guda domin ya dace da karin kalma aiki ne na ɗan lokaci. Ya rage ga manazarta harsunan Nijeriya masu karin sauti, irin Yarabanci da Ibo da Tibi, su auna nasu waƙoƙin da wannan ma'auni, domin a gano inda matsalar ta zama ta tarayya.