Me Ke Rushe Tsarin Takarda Idan Aka Mai da Ita Rubutu Zalla?

Duk wanda ya taɓa mai da takardar Word zuwa fayil ɗin TXT ya san abin da ke biyowa baya: sakin layin da aka tura ciki ya koma gefen hagu, jadawali ya wargaje, alƙaluman da aka jera sun watse. Kwamfuta ba ta lalace ba. Matsalar tana cikin yadda fayilolin biyu ke ajiye rubutu.

Fayil ɗin DOCX, wanda Word ke amfani da shi tun 2007, yana ware kalmomi daban, umarnin tsari daban. Idan marubuci ya tura sakin layi rabin inci, Word ba ya saka sarari ko ɗaya. Lamba 720 yake rubutawa a ɓoye, domin a ma'auninsa inci ɗaya kashi 1,440 ne. Shi kuwa rubutu zalla haruffa kaɗai ya sani. Ƙa'idar haruffa ta ASCII, wadda ta fito a 1963, gurbi 128 gare ta, kuma abin da aka fi tsara shafi da shi a cikinta shi ne sarari da tab da alamar sabon layi. Duk tsarin da ba a mai da shi irin waɗannan alamomi ba, ya tafi ke nan.

Saboda haka dabarar ita ce a mai da tsari ya zama harafi. Ba a dogara da tab, don wata manhaja tana ba shi faɗin haruffa takwas, wata huɗu. Sarari ya fi aminci, amma sai an buɗe fayil ɗin da salon rubutu mai haruffa masu faɗi ɗaya, irin Courier New, kafin ginshiƙan jadawali su miƙe.

Wanda ke son shafi ya fito da kamanninsa, ya fara mai da takardar PDF, sannan ya bi da ita ta manhajar pdftotext da zaɓin -layout, wanda ke cike tazara da sarari. Wanda kuma ya fi damuwa da ma'anar tsarin, manhajar Pandoc ce tasa. John MacFarlane ya fara fitar da ita a 2006, tana kuma mai da takarda salon Markdown, inda alamar # ke nuna kanu, jerin abubuwa kuma su riƙe matakansu.

Mu masu rubutun Hausa muna da ƙarin abin lura. Babu ƙ, ɗ, ɓ da ƴ a cikin ASCII. Idan ba a zaɓi ƙa'idar UTF-8 wajen adanawa ba, suna iya komawa alamar tambaya ko su rasa lanƙwasarsu.

Tsari ba ado ba ne kawai. A takardar yarjejeniya, shi ke nuna wane sharaɗi ne ke ƙarƙashin wane. Don haka a riƙa ajiye takardar asali, a kuma kwatanta ta da sabuwar kafin a tura wa kowa.