Tsokaci a Kan Wata Gagara-Rabo Mai Alƙaluma 39

Gabatarwa

A fannin lissafi akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai, ba tare da saura ba, sai dai a raba su da 1 ko da kansu. Misalinsu shi ne 2, 3, 5, 7 da 11. Irin waɗannan ne wannan ƙasida ta kira gagara-rabo. Za a duba ɗaya daga cikin manyansu, watau:

170,141,183,460,469,231,731,687,303,715,884,105,727

Asalinta da Ajinta

Ana samun wannan lamba idan aka jera 2 har guda 127, aka ninninka su da juna, sannan aka ɗebe 1. A taƙaice akan rubuta ta 2¹²⁷ − 1. Lambobi masu wannan siga ana danganta su ga Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe, wanda a shekarar 1644 ya lissafa waɗanda yake zaton gagara-rabo ne.

To, amma siga kaɗai ba ta wadatar. Dole adadin biyu-biyun da aka jera ya zama gagara-rabo, kuma ko hakan ta samu ba a tsira ba. Alal misali 2¹¹ − 1 ita ce 2,047, wadda 23 sau 89 ke bayarwa. Shi kansa Mersenne ya yi tuntuɓe, domin ya sa 2⁶⁷ − 1 a jerinsa, sai ga shi a 1903 Frank Cole na Amurka ya fito da lambobi biyun da ke raba ta. Hausawa dai sun ce zato zunubi, ko da ya zama gaskiya.

Game da 2¹²⁷ − 1 kuwa, zaton Mersenne ya dace, amma sai a 1876 Édouard Lucas, shi ma Bafaranshe, ya tabbatar da shi da hujja, da lissafin hannu zalla. Ta shekara 75 tana riƙe da kambin gagara-rabo mafi girma da aka sani, har zuwa 1951 da na'urorin lissafi suka gano waɗanda suka ɗara ta.

Bugu da ƙari, tana da aji na biyu, na masu sigar Mersenne ninki biyu. Dalili shi ne 127 ɗin ma 2⁷ − 1 ce, 7 kuwa 2³ − 1 ce, 3 kuma 2² − 1 ce. Ashe sarƙa ce, kowace lamba ta haifi mai bi mata. Wadda ke biye da ta Lucas a sarƙar ta yi girman da har yau masana ba su iya tantance ta ba.

Kammalawa

A 2024 kwamfutoci sun gano wata gagara-rabo ta Mersenne mai alƙaluma 41,024,320. Duk da haka, ta Lucas ce mafi girma da ɗan Adam ya taɓa tabbatarwa da hannunsa.